Kwantar da tsoho a gida maimakon asibiti: ina jinya ta tsaya, ina kasada ta fara?

Idan limoniya ta kama dattijo mai shekara 80, ko zuciyar wata gyatuma ta gaza har ƙafafunta suka kumbura numfashi ya fara yi mata wuya, dole ne sai an ba su gado a asibiti, ko kuwa likita da nas za su iya kai musu aikin asibitin har cikin ɗaki? Tambayar ba sabuwa ba ce a Bauchi, amma ta ƙara ƙarfi a 'yan shekarun nan. Kuɗin gado da na magani sun tashi, yajin aikin likitoci yana zuwa yana komawa, ga kuma masu tallar jinya har gida a Facebook da WhatsApp. Masu 'yan'uwa a Ingila da Amurka suna jin labarin cewa a can ma an koma yi wa tsofaffi magani a inda suke zaune, har da mazauna gidajen kula da tsofaffi. Sai aka ɗauka abin da ake yi a can shi ne wanda muka daɗe muna yi a nan: a kira wani ya rataya ledar ruwa a jikin ƙusa, ya yi allura biyu, ya karɓi kuɗinsa ya tafi.

Ba shi ba ne. Tsarin da ake magana a kai yana nan, an gwada shi, kuma ga wasu tsofaffin ya fi kwanciyar asibiti amfani. Sai dai yana da sharuɗɗa, kuma yawancin abin da ake yi a gidajenmu da sunansa bai cika ko rabinsu ba.

## Abubuwa uku da ake cakuɗawa

Na farko jinyar yau da kullum ce: wanka, ciyarwa, juya mara lafiya, ba shi ƙwayoyin hawan jini ko na suga a kan lokaci. Na biyu ziyarar ma'aikacin lafiya ce, ya zo ya wanke miki ko ya canza robar fitsari ya koma. Na uku, wanda shi ne batunmu, shi ne mutum ya kamu da ciwon da a ƙa'ida kwantar da shi za a yi, sai asibiti ya karɓe shi, ya buɗe masa fayil, ya sa sunansa cikin waɗanda likita zai duba kullum, amma gadonsa yana gida. Magani daga asibitin yake fitowa, jinin gwaji can ake kai shi, idan abu ya rikice da tsakar dare kuma asibitin ne ke da alhakin ɗauko shi. Idan ya samu sauƙi a sallame shi da takarda kamar kowa.

Faransa ta daɗe a kai. Asibitocin gwamnati na Paris sun fara tun 1957, a 2007 kuma doka ta ba irin waɗannan ma'aikata damar shiga gidajen kula da tsofaffi su yi wa mazauna ciki magani a kan gadajensu. Jihar Victoria ta Ostireliya ta fara nata a 1994. A Amurka, Dakta Bruce Leff na Jami'ar Johns Hopkins ne ya yi fice a kai, amma abin bai bazu ba sai da annobar korona ta cika asibitoci. A watan Nuwamba na 2020 hukumar inshorar lafiyar tsofaffi ta ƙasar ta amince za ta riƙa biya, bisa sharuɗɗan da ya kamata duk mai tallar jinya a gida ya karanta: ma'aikaci ya zo da ƙafarsa sau biyu kowace rana, likita ya duba mara lafiya kullum ko da ta bidiyo ne, a samu wanda zai amsa kira a kowane lokaci, kuma idan hali ya canza a iya isa gidan cikin minti 30.

## Me ya sa likitoci da kansu suke gudun kwantar da tsoho?

Domin gadon asibiti yana da nasa ciwon, kuma tsoho ya fi kowa kamuwa da shi. Babba a ciki shi ne ruɗewar kwatsam. Dattijon da jiya yake gane jikokinsa, yau da dare yana fizge robar ruwa, yana kiran mutanen da suka rasu, yana cewa a buɗe masa ƙofa zai tafi gona. A gidajenmu sai a ce gigin tsufa ne ya zo, ko a ce iska ce a nemo mai ruƙiyya. Gigin tsufa a hankali yake zuwa, cikin watanni da shekaru. Wannan kuwa cikin awoyi ko kwana ɗaya zuwa biyu yake faɗowa, yana lafawa da rana ya tashi da dare, kuma akwai abin da ya tayar da shi: zazzaɓi, ƙarancin ruwa a jiki, fitsarin da ya ƙi fita, sabon magani, rashin barci. Baƙon ɗaki, fitila a kunne har asuba, nishin na gadon kusa, duk suna rura shi. Addu'a ba ta hana a auna suga da iskar jini, wato yawan oksijin da ke cikin jini.

Na biyu shi ne zubewar ƙarfi. Wani bincike na 2007 ya nuna cewa tsofaffi masu ƙoshin lafiya da aka kwantar kwana 10 sun rasa kusan kilo guda na tsokar ƙafa. Wanda da ma da sanda yake zuwa masallaci, irin wannan asarar ita ce ke mayar da shi mai salla a zaune. Sai ƙwayoyin cutar asibiti masu taurin kai ga magani, da faɗuwa a hanyar banɗakin da bai sani ba.

Binciken da tawagar Leff ta wallafa a 2005 a kan tsofaffi 455 masu limoniya, gazawar zuciya, ciwon huhu mai daɗewa ko kumburin fata mai ƙwayar cuta, ya nuna waɗanda aka yi wa magani a gida sun yi kimanin kwana 3.2, na asibiti kwana 4.9, kuɗin kuma ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku. Wanda ya fi dacewa da mazauna gidajen tsofaffi shi ne na Kanada a 2006: gidaje 22, mutum 680 masu limoniya da makamantanta. A gidajen da aka bi tsararren tsari na magani a wurin, kashi 10 cikin ɗari ne suka ƙare a asibiti, a sauran kuwa kashi 22, kuma yawan mace-mace bai bambanta sosai ba. Abin lura a nan shi ne ba kowa aka bari a gida ba. An tace su tukuna.

## Gidan tsofaffinmu shi ne ɗakin Inna

A can, gidan kula da tsofaffi yana da ma'aikata dare da rana, da wuta, da firij, da littafin da ake rubuta komai. Asibiti yana zuwa ne ya ɗora a kan abin da ya tarar. A nan, kai mahaifi irin wannan gida abin kunya ne, ba ma a kawo zancen. Tsoho yana ɗakinsa, a Jahun yake ko Nasarawa ko wani ƙauyen Ganjuwa, mai kula da shi kuma 'yarsa ce, ko matar ɗansa, ko jikar da ta gama sakandare. Akwai ƙauna da haƙuri da ba a saya da kuɗi. Abin da babu shi ne horo, da karɓa-karɓa, da rubutu.

Ɓangaren hukuma ma sabon shiga ne. Cibiyar farko ta kula da lafiyar tsofaffi a Najeriya an buɗe ta ne a asibitin koyarwa na Ibadan a 2012, Cibiyar Dattawa ta Ƙasa kuma, wadda dokarta ta 2017 ce, sai a 2021 ta fara aiki. Likitocin da suka ƙware a kan tsufa 'yan ƙalilan ne. Saboda haka abin da ya fi yawa shi ne yarjejeniyar baka tsakanin iyali da mutum ɗaya, wanda ke zuwa bayan ya tashi daga aiki. Wani ƙwararren nas ne mai tsoron Allah. Wani kuwa yaron kemis ne, alhali lasisin mai kemis bai wuce sayar da magungunan da ba sa buƙatar takardar likita ba. Allura da ƙarin ruwa ba sa ciki.

## Wa za a iya bari a gida, wa ba za a bari ba?

Ba a yanke wannan hukuncin ta waya. Dole likita ya ga mara lafiya, ya saurari ƙirjinsa, a yi gwajin jini na ƙoda da gishirin jiki da suga da maleriya, in da hali a ɗauki hoton ƙirji. Sau da yawa wannan yana nufin a je asibiti a wuni, a tabbatar da ciwon, a yi allurar farko a can, sannan a dawo.

Ma'aunin da aka yi amfani da shi a Kanada yana da sauƙin riƙewa. Bugun zuciya bai wuce 100 a minti ba. Numfashi bai kai 30 a minti ba. Lambar sama ta awon jini ba ta gaza 90 ba. Iskar jini ta kai kashi 92 cikin ɗari. Kuma yana iya ci da sha. In ɗaya ya faɗi, a tafi asibiti.

Akwai kuma waɗanda ba a ma tsaya awo. Wanda bakinsa ya karkace, ko hannu da ƙafa suka saki, ko magana ta sarƙe, yana buƙatar hoton ƙwaƙwalwa, domin jijiya ce ta toshe ko fashewa ta yi, ido ba ya bambancewa. Ba shi asfirin a gida idan jini ne ke zuba a ciki ƙara ɓarna ne. Haka ciwon ƙirji mai dannewa, amai ko bayan gida da jini, ciki da ya kumbura ya yi tauri, karayar ƙugu bayan faɗuwa, farfaɗiya, suma, da maleriya mai tsanani wadda allurarta ta jijiya ake maimaitawa bayan awa 12 da awa 24.

Bauchi tana da nata ƙarin dalili. Tana cikin jihohin da zazzaɓin Lassa ya fi kamawa a ƙasar nan, tare da Ondo da Edo, musamman daga ƙarshen shekara zuwa bazara. Farkonsa ba shi da bambanci da maleriya ko taifot. Zazzaɓin da ya ƙi jin maganin maleriya da na ƙwayar cuta bayan kwana biyu zuwa uku, ko ya zo da ciwon makogwaro, kumburin fuska ko zubar jini, ba na jinyar gida ba ne ko kaɗan. Mai wanke kayan mara lafiya da hannu tsirara da mai saka masa allura su ne na farkon kamuwa. Asibitin Koyarwa na Abubakar Tafawa Balewa yana karɓar irin waɗannan.

## Kayan da ɗakin ke buƙata

Ma'aunin zafi, na'urar awon jini ta dantse, na'urar awon suga da tsinkenta, 'yar na'urar da ake maƙalawa a yatsa don auna iskar jini, agogo mai nuna daƙiƙa, safar hannu, sabulu, kwalin zuba allurai, sikeli idan ciwon zuciya ne, da littafi. Ana awo aƙalla sau huɗu a yini, har da na dare.

Na'urar yatsa tana ruɗi. Yatsa mai sanyi, fentin farce da baƙin lalle suna rikita ta, kuma bincike ya nuna takan ƙara wa baƙar fata maki, ta nuna 93 alhali jinin bai kai haka ba. Don haka ƙirga numfashi ya fi ta gaskiya: a dubi ƙirji minti guda cur, ba tare da an sanar da mara lafiya ba. Na lafiyayye 12 zuwa 20 ne. Idan jiya 20 ne yau ya koma 26, a kira likita ko da na'ura na cewa lafiya lau. Kada kuma a jira jiki ya yi zafi; tsoho yakan yi mummunan ciwo ba zazzaɓi, zafin da ya sauka ƙasa da 36 ma alama ce.

Iskar oksijin ita ce inda lissafi ke yawan watsewa. Injin tace iska mai ba da lita 5 a minti yana cin wajen wat 350. A awa 24 ya haura kilowat-awa 8. Batirin inbata guda mai 200Ah, idan ba a so a kashe shi, bai fi ya riƙe injin awa uku zuwa huɗu ba. Wutar JED kuwa kowa ya san halinta. Kenan sai da tukunyar iska a ajiye. Babbar tukunya tana ɗaukar kimanin lita 6,800: a lita 2 a minti za ta yi awa 56, a lita 5 kuwa awa 22 kacal. Ƙaramar da ake ɗauka a mota, mai lita 680, a lita 2 ba ta kai awa 6. Duk gidan da bai san waɗannan lambobin ba zai wayi gari da tukunya wayam ranar Juma'a da yamma. Mara lafiyar da ke buƙatar fiye da lita 4 kafin iskarsa ta daidaita, ko buƙatarsa na ƙaruwa kullum, ya wuce gida.

Lokacin hunturu ƙura kan toshe soson tace iska na bayan injin, sai ya riƙa busa iskar da ba ta da ƙarfi. A wanke soson kowane mako, ya bushe sarai kafin a mayar, a kuma janye injin daga bango. Kaskon turaren wuta da garwashin jin ɗumi ba sa shiga ɗakin da ake ba da oksijin, haka man baselin a hanci. Oksijin yana sa abu ya kama da wuta nan take. Janareta kuma a waje, nesa da taga. Hayaƙinsa yana kisa ba tare da wari mai yawa ba, kuma na'urar yatsa ba ta gane gubarsa, za ta ci gaba da nuna lamba mai kyau.

## Inda ake yawan yin ɓarna

"A ƙara masa ruwa ko ya ji ƙarfi." Wannan jimlar ta jefa tsofaffi da yawa cikin wahala. Zuciyar tsoho da ƙodarsa ba sa iya kwashe ruwa da sauri. Idan aka sake masa leda biyu ko uku a jere, ruwan a huhu yake taruwa: numfashi ya yi sama, ya kasa kwanciya sai a zaune, ƙirji na ƙara, wani lokaci har kumfa a baki. Sai iyali su ce ciwon ne ya ci ƙarfinsa. Ruwa magani ne mai awo. Da robar da aka saba, ɗigo 20 ne mililita ɗaya, don haka leda mai mililita 500 da likita ya ce ta yi awa 8 tana buƙatar ɗigo 21 a minti, wato kamar biyar a daƙiƙa 15. Ledar da ta ƙare cikin awa guda ba gudun alheri ta yi ba. Ana kuma auna abin da ke fita: mai nauyin kilo 60 ya kamata ya yi fitsari aƙalla mililita 30 a awa, wajen 700 a yini. Ga mai ciwon zuciya, sikeli kowace safiya; ƙarin kilo 2 cikin kwana uku ruwa ne, ba ƙiba ba.

Allurar ceftriaxone, maganin ƙwayar cuta, ta dace da gida domin sau ɗaya ake yin ta a yini, amma ba a haɗa ta a roba ɗaya da ƙarin ruwan da ake kira Ringer saboda sinadarin kalsiyam da ke ciki. Duk mai yin allurar jijiya a gida dole jakarsa ta kasance da adrenalin, domin jikin wani yakan ƙi magani cikin mintuna, makogwaro ya kumbura, jini ya faɗi. Rabin mililita a cinya ke ceton rai, kuma babu lokacin aika yaro kemis. Iyali suna da haƙƙin cewa a nuna musu kwalbar. Gentamicin (maganin ƙwayar cuta) da diclofenac (maganin rage zafin ciwo), waɗanda ake yi kamar ruwan sha, suna iya kashe ƙodar tsohon da jikinsa ya bushe, diclofenac kuma yana fasa gyambon ciki. Kanula, wato 'yar robar da ake bari a jijiyar hannu, a duba ta kullum. In wurin ya yi ja, ya kumbura ko yana zafi, a cire a sauya waje.

Sai masu ciwon suga. Hajiya ta daina cin abinci kwana biyu, amma 'ya'ya saboda biyayya ga likita suna ci gaba da ba ta glibenclamide ko insulin yadda aka saba. Suga ya faɗi, ta yi gumi, ta ruɗe, ta yi shiru, a ce barci take. Duk awon da ya gaza 3.9, ko 70 a ɗaya ma'aunin, gaggawa ce: in tana iya haɗiya a ba ta ruwan sukari, in ba ta iya ba kada a zuba mata komai a baki. Metformin, wani maganin suga, da wasu magungunan hawan jini ma likita kan dakatar da su idan ana amai ko gudawa. Shi ya sa ranar farko ake juye ledar magungunan gidan gaba ɗaya a gaban likita, har da jiƙe-jiƙen gargajiya, ba tare da ɓoye ko ɗaya ba.

Ɗura ita ce ta gaba. "Baba, daure ka haɗiye," ana tallafe kansa yana kwance ana zuba koko. Idan haɗiya ta yi rauni, abincin huhu yake wucewa, bayan kwana biyu sabuwar limoniya ta tashi. A zaunar da shi sosai, cokali ƙarami, a jira ya haɗiye kafin na gaba, a bar shi a zaune rabin awa bayan ya gama. Kunu mai ɗan kauri ya fi ruwa tsululu sauƙin sarrafawa a baki. Tari lokacin ci, ko murya ta koma kamar akwai ruwa a maƙogwaro, alama ce a tsaya. Wannan ya shafi ruwan rubutu da na tofi: ga wanda ba ya haɗiya, a shafa masa.

Mikin kwanciya kuwa cikin awoyi yake farawa. A juya mara lafiya duk awa biyu, a duba ƙashin gindi, ƙugu, dunduniya da kafaɗa. A baƙar fata ba ja yake fara nunawa ba, wurin duhu yake ƙarawa, ya yi ɗumi ko tauri. Filo a ƙarƙashin sha-raɓa yana ɗage dunduniya daga katifa. Ledar da ake shimfiɗawa saboda fitsari, a zafin Maris da Afrilu, tana dafa fata idan ba a ɗora zani mai kauri a kai ba. Jakar fitsari kuma kullum ƙasa da mara take zama, ba a kan gado ba.

'Yan dubiya su ma sai an yi musu ƙa'ida, kuma babba a gidan ne zai faɗa, domin matar ɗa ba za ta iya hana ƙanwar miji shiga ba. Mutum biyu a lokaci guda, a wanke hannu, mai tari ya tsaya daga ƙofa.

## Sunan wa ke kan fayil?

Duk kayan nan ana iya saye. Abin da ke mayar da ɗaki asibiti shi ne alhaki. Kafin a yarda da kowane mai jinya, a san wane likita ne ya ɗauki nauyin mara lafiyar, a wane asibiti yake, yaushe zai gan shi, kuma wa zai ɗaga waya ƙarfe biyu na dare. A nemi ganin lasisin nas. A sa likita ya rubuta a shafin farko na littafin lambobin da idan aka gan su za a kira shi, da waɗanda idan aka gan su za a taso ba tare da jiran kowa ba. Kowane awo, kowace allura, kowace leda, da lokacinta da sunan wanda ya yi. Ba tare da wannan ba, ranar da aka isa sashen gaggawa likitan da ke bakin aiki zai tambaya me aka ba shi, a ce "wata allura ce fara."

Hanyar komawa ita ma tun ranar farko ake shirya ta, ba a fafe gora ranar tafiya. Mota da mai a ciki, direba da wayarsa a kunne, ƙaramar tukunyar iska ta hanya, kuɗin karɓa a ajiye. Mazaunin Fadaman Mada ko Yelwa zai iya isa asibitin koyarwa ko Asibitin Ƙwararru cikin rabin awa. Na ƙauyen Ningi ko Alkaleri da damina ba zai iya ba, kuma wannan kaɗai ya isa ya sa tsarin bai dace da shi ba, duk da cewa shi ne ya fi shan wahalar zaman asibiti.

Akwai wani hali daban da bai kamata a haɗa da wannan ba: tsohon da ciwonsa ya kai inda magani ba zai dawo da shi ba, ya kuma ce a bar shi a ɗakinsa. Wannan haƙƙinsa ne, kuma akwai aikin likita a ciki, na rage zafi da sauƙaƙa numfashi. Amma a faɗi gaskiya a tsakanin iyali cewa abin da ake yi kenan, kowa ya sani, har da ɗan da ke Abuja yana turo kuɗi.

## Wa ke cin riba, wa ke ɗaukar nauyi?

Masu goyon baya suna da hujja mai ƙarfi. Duk wanda ya taɓa zaman jinya ya san kwanan baranda a kan tabarma, da jigilar kwanukan abinci a Keke Napep sau uku a yini, da kasuwar da aka rufe. Iyalin da suka taso daga Misau ko Darazo sukan kashe a kan zama abin da ya kusa kuɗin magani. Asibiti kuma zai samu gadon da zai ba wanda ya fi buƙata.

Masu ja da baya su ma ba su yi ƙarya ba. Muhammad Ali Pate, ɗan jihar nan, ya faɗa a 2024 yana ministan lafiya cewa likitoci wajen 16,000 sun bar ƙasar cikin 'yan shekaru. Nas ɗaya a ɗakin asibiti tana iya lura da mutum goma sha. A kan hanya tsakanin unguwanni da ƙyar ta ga biyar sau biyu a yini. Rangwamen da aka gani a Amurka ya samu ne domin gadon asibitinsu yana da tsadar gaske. A nan gadon gwamnati ya fi ziyarar likita araha, ga man janareta da cikon tukunya, don haka jinyar gida ta gaskiya tana iya fin asibiti tsada. Fiye da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin lafiya a Najeriya daga aljihun mutane yake fita. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta sa tsofaffi cikin masu rauni da ya kamata a tallafa wa, jihar kuma tana da hukumarta ta inshorar lafiya, BASHCMA, amma kafin a dogara da kati a je a tambaya a rubuce ko yana biyan aikin da aka yi a wajen asibiti.

Akwai kuma nauyin da ba ya shiga lissafi. Juyi duk awa biyu yana nufin wata ba za ta yi barci ba. Idan ita ce mai girki, mai goyo, mai kai yara makaranta, zuwa dare na uku za ta fara tsallake awo, kuma ba laifinta ba ne. Gidan da ba zai iya fitar da mutum uku masu karɓa-karɓa ba, har da maza don ɗagawa da juyawa, bai shirya ba.

A ganinmu, inda ya fi dacewa a fara a Bauchi ba hana kwantarwa ba ne, gajarta ta ne. Tsoho ya yi kwana biyu na farko a asibiti, lokacin da haɗari ya fi yawa, a ga inda ciwon ya dosa, a koya wa masu jinya awo da juyi da ciyarwa a gaban nas, sannan ya ƙarasa sauran allurai a gida ƙarƙashin fayil ɗin asibitin. A taƙaita shi ga cikin gari, ga ciwuka uku ko huɗu da aka sani, da ƙaramar tawaga mai mota ɗaya da lambar waya ɗaya. A riƙa ƙirga mutum nawa aka dawo da su cikin kwana 30 da mutum nawa suka rasu, a kwatanta da na ɗakin kwanciya, kafin a yi maganar kai shi Azare ko Toro.